Maharban da shekaru suka cim ma: me kuka canza a farautar gada da barewa?

Mai Burtu, ƙasar Ningi

Assalamu alaikum. Tambayata ga 'yan uwa maharba ce, waɗanda suka haura sittin. Ni da kan burtu na tashi, shi na gada wajen mahaifina. Don yaran da ba su taɓa gani ba: kan tsuntsun ake kafawa a itace mai lanƙwasa, ka ɗaure a goshi, ka sa baƙar riga, ka durƙusa kana jan jiki kana ɗan caccakar ƙasa har ka kai inda harbi zai yiwu. Barewa ta saba ganin burtu yana kiwo a fili, ba ta kula shi. To amma aikin duk na gwiwa ne da ƙugu. Bana bayan girbi na gwada a wata saura, ban kai rabin hanya ba gwiwar hagu ta ƙi, na zauna daɓas ina kallo naman ya wuce. Sai da na jima ina sallah a zaune. Idona garau yake, hannu bai fara rawa ba, kuma ba na jin zan iya barin daji. Ku da kuka riga ni, yaya kuka yi?

Tsohon Maharbi, gefen Falgore

Wa alaikumus salam. Jikana ke rubuta mini, ni ina faɗa. Ƙanena, rataye burtun nan, ka koma dako. Na daɗe da komawa, kuma tukunyar gidana ba ta rasa nama ba.

Cikin Falgore dai ba a shiga, gandu ne, akwai ma'aikata. Bakin gonaki nake zama. Barewa ma ta yi wuya a wajenmu, yanzu gada ce, jefi-jefi mazo a bakin rafi. Ita gada ba ta nisa da wurinta. In ka ga kashinta tsibi guda, sabo a kan tsoho, to nan take zagaya. Da damina da kaka gonar wake take ɓarna, masu gonar ma su ke zuwa kirana. Da rani kuwa bishiya za ka bi: kanya, magarya, aduwa, sai gawo in ya fara zubar da 'ya'ya. Abin da na yi shekaru ina wucewa da gudu, yanzu shi nake tsayawa in karanta.

Iska ce babbar magana. Da hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, kuma ba ta cika juyawa ba, saboda haka kudu maso yamma da bishiyar nake zama. Ina da 'yar jakar toka, in na isa sai in ɗan kaɗa in ga inda ta nufa. Kujera 'yar tsugune nake ɗauka, in jingina bayana da kututture, in kafa itace mai baki biyu in ɗora bakin bindiga, don hannu ba ya jure riƙo kamar da. Ina isa tun la'asar sakaliya, kafin magariba ta rufa na tashi. Wani lokaci in toshe hanci in yi kukan ɗan gada, uwar takan leƙo. Tari shi ne abokin gabana, shi ya sa na bar taba, nake tafiya da ɗan goro a baki. Sanyin ƙasa kuma yana shiga ƙashi, ka shimfiɗa buzu.

Mai Karnuka, Bunkure

Baba, a gafarce ni, amma wanda ya saba jin ganga da haushin karnuka zaman nan zai kashe shi da haushi. Ni har yanzu ina fita farautar gayya, sai dai na daina shiga kora. Babur ke kai ni bakin dajin, in zaga in tsaya inda na san nama zai ɓullo, yara su koro. Sanin mafita ai ba a ƙafa yake ba. Karnuka na rage su zuwa biyu, tsofaffi masu jin kira, don ba zan iya bin ɗan kwikwiyo mai zafin kai ba. In an fara rigimar wa ya fara sara, na ja gefe. Wasu yaran yanzu da ƙwaya a kansu suke shiga daji.

Tafiya Kudu ce na yanke gaba ɗaya. Tun abin da ya faru a Uromi a watan Maris na 2025, da aka kashe mafarauta 16 suna hanyar dawowa gida, iyali suka ce ko tasha kada in sake zuwa da kayan farauta. Allah ya jiƙansu.

'Yar Maharbi

Amin. Iyayena, ku yi haƙuri in sa baki, ni ba maharbiya ba ce, amma mu ke zaman jira a gida. Duk kuna maganar gwiwa, ba wanda ya taɓo ido da kunne. Babanmu farautar dare yake yi da fitilar goshi. A wannan farauta ba dabbar ake gani ba, ƙyallin idonta ake harbi. Yanar ido ta fara rufe masa, bai gaya wa kowa ba, sai ranar da ya dawo da akuyar wani makiyayi. An biya, an ba da haƙuri. Ni abin da ya hana ni barci shi ne, da yaron da ke neman akuyar ne fa a bayanta? Kunnen dama kuma ƙarar bindiga ta riga ta cinye shi, ko an yi masa magana daga duhu ba zai ji ba.

An yi masa aikin idon, yana gani sosai yanzu. Amma mun yi yarjejeniya: ba fitar dare, ba fita shi kaɗai, waya a aljihu, kuma ya sha maganin hawan jininsa kafin ya fita. Ya yi fushi da mu ƙwarai, har yau in an ambata sai ya kau da kai.

Mai Burtu, ƙasar Ningi

'Yata, Allah ya yi miki albarka, gaskiya kika faɗa. Yayana Tsohon Maharbi, in na harba daga zaune naman ya ruga da rauni fa? Ni ba zan iya bin sa ba. Na yi tunanin in ba yaro wuƙa ya riƙa bi.

Baƙon Wiskonsin

Ranku ya daɗe. Aiki ya zaunar da ni Amurka, maƙwabcina ya koya mini farautar barewarsu mai farar wutsiya, wadda namijinta ke da ƙaho rassa-rassa yana zubar da shi duk shekara. Yanzu ni ma na shiga sahunku.

A jihar nan ta Wiskonsin babban lokacin bindiga kwana 9 ne a watan Nuwamba, kuma dole ka sa riga mai launi mai ɗaukar ido don kada wani ya harbe ka. Yawanci a kan bishiya ake dako, a wata kujerar ƙarfe da ake ɗaurewa sama, kamar mita 5 ko 6. Faɗowa daga nan na cikin abubuwan da suka fi raunata mafarautansu, kuma galibi wajen hawa ko sauka ne. Ka ƙaddara kana taka tsani mai ƙanƙara kafin asuba, yatsu sun sandare. Ni na sauko ƙasa, ina zama cikin 'yar rumfar yadi da kujera da ɗan murhun gas. Masu baka kuma in kafaɗa ta gaza sai su koma baka mai kunama, wanda ake ɗanawa a ajiye. Da sai mai shekara 65 ko mai lalura ake bari, daga 2014 aka buɗe wa kowa.

Amma Baba Mai Burtu ya taɓo ainihin wurin. Harbi ba shi ne wahalar ba, abin da ke bayansa ne. Namijin nan yakan wuce kilo 70, ga dusar ƙanƙara, ga tudu. Kusan duk shekara sai an ji labarin dattijon da zuciya ta buga masa yana jan nama. Ni a kan wani faranti na roba mai igiya nake ɗorawa, kuma ba na ja sai ɗana ya iso. In wurin da zan harba yana da kwari a bayansa, ƙyalewa nake yi, don na san can zai gangara ya mutu.

Almajirin Zaure

Kawu Mai Burtu, maganar wuƙa tana da hukunci, gara a faɗa. A Risala an ce abin da ka harba, in ka same shi da rai ka yanka; in ya mutu da harbinka kafin ka iso ka ci, matuƙar bai kwana ya ɓace maka ba. Malaman Malikiyya sun ƙara da cewa in maharbi ya yi sakaci wajen bi, ko ya bar wuƙarsa a hannun wani ko a ƙasan jaka har dabbar ta mutu alhali da zai iya yankawa, ba a ci. To kada wuƙa ta zama guda ɗaya. Ku riƙe taku a ƙugu, yaron ya riƙe tasa, kuma ya zama ya iya yanka, ya san bisimilla. Ku ma ku yi taku lokacin harbi. Bambancin gazawa da sakaci kuwa, ku zauna da malamin garinku ya warware muku.

Na Madarunfa

Gaisuwa daga Nijar. Mu nan wajen dajin Baban Rafi ba gwiwa ta zaunar da mu ba, nama ne ya ƙare, ga dokar farauta ta 1998, ga rashin tsaro bakin iyaka. Sa'o'ina da yawa sun aje bindiga sun koma ba da magani, tunda sun san saiwa da sassaƙe. Wanda ya nace, amalanken jaki ke kai shi ya maido shi. Abu guda zan ce: mazo namiji in ya ji rauni kwantawa yakai cikin duhuwa ya jira, ƙahonsa kuwa tsini gare shi. Tsoho ba ya iya tsalle gefe. Kada ku shiga masa, kada ku tura yaro shi ɗaya.

Mai Karnuka, Bunkure

Wani abin da na yi, na rage albarushi. Kafaɗata ba ta ɗaukar dukan bindigar toka yanzu, kwana nake ina jinya.

Tsohon Maharbi, gefen Falgore

A'a, nan kam ban bi ka ba. In ka rage albarushi rauni kawai za ka yi wa dabba, ta tafi da shi, kai ba ƙafar bi, ga abin da malam ya faɗa. Ni ɗurina yana nan yadda yake. Tsumma na naɗe na ɗinka a kafaɗar riga, kuma na matso da wurin zama, taku ashirin da ɗan wani abu daga gindin bishiyar, in ta wuce haka ba na taɓa kunama. Ka kuma kai bindigar maƙeri ya duba, tsohon bututu yakan tsage ba a sani ba.

Mai Burtu, in za ka ɗauki yaro ku yanke rabonsa tun a gida. Nawa ƙafar gaba yake ɗauka da wuya, fata tawa ce. Kuma ka nemi wanda ba ya wasa da waya, haskenta kaɗai ya isa ya kore maka gada.