Muhawara: Adalci ne a cire wa ma'aikaci kuɗin ƙungiya dole?

Baban Khadija: Assalamu alaikum. Ni dai ina goyon bayan dokar da Amurkawa ke kira ta 'yancin yin aiki. Tun 1947 dokar Taft-Hartley ta ba kowace jiha damar hana tilasta wa ma'aikaci biyan kuɗin ƙungiyar ƙwadago, yau jihohi 26 ke bin wannan tsari. Mutum ya yi gumi ya samu albashinsa, don me za a yanka masa ba da yardarsa ba?

Maman Yusuf: Wa alaikumus salam. Yaya, rabin zancen ka kawo. Dokar ƙwadago ta Amurka ta wajabta wa ƙungiya ta wakilci kowa a wurin aikin, da mai biya da wanda ya ƙi. In an samu ƙarin albashi, har da shi. In an kore shi bisa zalunci, ƙungiyar ce za ta tsaya masa, da kuɗin 'yan uwansa. Wannan ai ci da gumin wasu ne, kuma a hankali asusun ke bushewa har ƙungiyar ta kasa ɗaga murya.

Kawu: 'Yata, kuɗin fa har siyasa yake shiga, kuma ƙungiyoyin galibi jam'iyyar Dimokurat suke marawa baya. Shi ya sa a 2018 Kotun Ƙoli, alƙalai 5 a kan 4, ta ba Mark Janus gaskiya, wani ma'aikacin gwamnatin jihar Ilinoi da ya kai ƙara kan tilasta masa biyan kuɗin ƙungiya.

Maman Yusuf: Kawu, hukuncin Janus ma'aikatan gwamnati kaɗai ya shafa. A kamfanoni kuwa, tun 1988 kotun ta ce wanda ba ɗan ƙungiya ba, kuɗin wakilci kawai za a karɓa a hannunsa idan ya ƙi na siyasa. Maganin damuwarka ya daɗe da samuwa.

Auta: Abin da ya fi tsaya mini shi ne jihar Mizuri. A 2018 aka kai dokar 'yancin yin aikin gaban talakawa su kaɗa ƙuri'a, kusan kashi biyu cikin uku suka yi watsi da ita. Michigan ma da ta kafa ta a 2012, ta soke ta a 2023.

Baban Khadija: Na yarda da batun wakilcin, ƙanwata, akwai rashin adalci a nan. To a gyara can, a sauke wa ƙungiya nauyin wanda bai biya ba.

Maman Yusuf: In aka yi haka, Yaya, mai kamfani zai riƙa ciniki da kowa shi kaɗai. Wa kake ganin zai yi nasara a wannan cinikin?