Lambobin rediyon suna cewa lafiya lau, saƙo kuma yana ɓacewa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aikin kammala digiri a kan na'urorin auna danshin ƙasa a gonar rani. Na dasa guda biyu masu rediyon CC2420, suna turo saƙo duk minti ɗaya zuwa ta uku da ke haɗe da kwamfutata, a tasha ta 18. Ina duba bayit biyu na ƙarshen kowane fakiti, wato ƙunshin saƙon da na'urar ke turowa; kowane bayit lamba ce daga 0 zuwa 255. Ta nesa, wajen mita 80, tana ba ni 220 da 234. Ta kusa, wadda na kafa jikin ɗakin mai gadi, tana ba ni 235 da 236. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ta kusan ce saƙonta ke yawan ɓacewa. Me lambobin nan ke nufi? Saura mako uku in miƙa aikin, wallahi barci ma ya gagare ni.

Amsa ta farko:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, karatun lambobin ne ka yi a baibai. In CC2420 ta karɓi fakiti, takan cire bayit biyun CRC, wato lambar gano kuskure da ke ƙarshen fakiti, ta sa nata bayanin a gurbinsu. Na farko shi ne RSSI, wato ƙarfin abin da ya shigo eriya, kuma lamba ce da ke iya yin ƙasa da sifili. Duk abin da ya haura 127 sai ka cire masa 256, sannan ka ƙara cire 45 kamar yadda takardar bayanin rediyon ta nuna. 220 ta zama -36, ta koma -81 dBm, wato ma'aunin ƙarfin sigina, wanda ya fi kusa da sifili shi ya fi ƙarfi. 235 ta zama -21, ta koma -66 dBm. Rediyon tana ji har wajen -95, ka ga dukansu suna da sauran numfashi.

Bayit na biyu kuwa abu biyu ne a ɗaure wuri guda. Bayit bit takwas ne; bit na sama, mai darajar 128, yana cewa fakitin ya iso ba kuskure. Bakwai na ƙasa su ne ake ɗauka a matsayin LQI, tsabtar siginar. 234 ban da 128 saura 106, 236 saura 108. Wajen 110 ne mafi kyau, wajen 50 ne mafi muni da take iya kamawa.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Injiniya. To ai yanzu na ƙara rikicewa. Ta kusa ta fi ƙarfi, ta fi tsabta, amma ita ke yin shiru?

Amsa ta biyu:
Ɗan'uwa, ga inda gizo ke saƙar. Lambobin nan shaida ce ta fakitin da ya iso kaɗai. Wanda ya lalace a hanya ko wanda bai ma tashi ba, babu mai rubuta maka RSSI ɗinsa. Kamar ka tsaya a tasha kana tambayar waɗanda suka sauka lafiya ko hanya na da kyau.

Ni abin da nake zargi ɗakin mai gadin ne. Akwai Wi-Fi a ciki, ko ana kunna na waya? Tasha ta 18 tana kan 2440 MHz, tashar Wi-Fi ta 6 kuma tana kan 2437, kusan a kan juna suke. Na'urarka kafin ta yi magana sai ta saurara ko fili a buɗe yake. In ta ji hayaniya ta ja baya, ta sake gwadawa, in abin ya ƙi ta haƙura da saƙon gaba ɗaya. In kuma ta samu sarari ta turo, sai ya iso tas, kai kuma ka ga 108 ka ɗauka komai daidai. Koma tasha ta 26, wato 2480. Sannan ka riƙa bin lambar jerin da ke kan kowane fakiti, ka ƙirga nawa suka iso cikin ɗari. Bayit ɗaya ce, in ta kai 255 takan koma sifili, kada ka lissafa wannan a matsayin asara.

Amsa ta uku:
Ƙari kaɗan daga 'yar'uwarku, don na sha wannan wahala. Kada ka ce za ka auna nisa da RSSI, takardar rediyon kanta ta yarda da kuskuren 6 dB sama ko ƙasa. Kuma ka ɗaga eriya daga ƙasa. Nawa na bar su a kan kunya, da masara ta kai ƙugu aka yi ban ruwa, sigina ta faɗi warwas saboda jiƙaƙƙen ganye yana shanye ta. Sai da na ɗaure su a kan gora.

Mai tambaya:
Na dawo daga gona yanzu. Ashe yaron mai gadi yana kunna Wi-Fi na wayarsa don ƙannensa su yi kallo, wayar kuma a kan taga take, taku biyu daga na'urar. Na koma 26 tun azahar, kuma har la'asar lambar jerin ba ta tsallake ko ɗaya ba. Gobe da sassafe zan nemo gora in ɗaga ta nesa. Hajiya, tsawon nawa kika yi naki?