Masu saka talla a cikin rubutu, nawa kuka taɓa samu tsakani da Allah?

Ɗan Kurmi: Salam ƴan uwa. Ina da ɗan shafi da nake rubuta labaran ƙwallo da Hausa, wani abokina ya ce in saka irin tallan nan da ake ja wa kalma layi biyu a ƙasa, in mutum ya ɗora linzami a kai sai talla ta ɓullo, irin na su kamfanin Infolinks. Kafin in ɓata datana dan Allah waɗanda suka gwada ku faɗa min gaskiya, ba irin ta masu sayar da kos ba.

Malam na Zariya: Wa alaikumus salam. Na yi kusan shekara da shi a wani kamfani da ba sai na kira suna ba. Abin da ba a faɗa maka shi ne injin nasu Turanci yake karantawa, kalmomi yake farauta masu tsada irin su inshora, bashi, otal, to kai da ka rubuta Hausa me zai gani? Sai ya kama duk kalmar da ta yi kama da tasu. Na rubuta nasiha kan haƙƙin mace, ya ja wa "mace" layi ya kawo tallan barkonon tsohuwa na fesawa a ido. Wani rubutun kuma na ce a sake dubawa, ashe "sake" sunan giyar Japan ne wlh sai da wani ɗalibina ya kira ni yana cewa Malam lafiya kuwa? Ranar na cire shi.

Uwar Biyu: Hhhh Malam ka tuna min, ni labarin da nake rubutawa jarumin sunansa Sale, duk inda Sale ya fito sai a ja masa layi da tallan rangwamen takalma. Masu karatu har suka sa masa Sale Gwanjo.

Amma ni ba wannan ne ya fi ci min rai ba, kuɗin ne. Wata huɗu ina leƙawa kullum safe da yamma kamar mai jiran sakamakon jarabawa, abin bai kai dala 4 ba, kuma ba a cirewa sai ya kai 50, ga kuɗin data ga kuɗin sabunta sunan shafi duk shekara da dala, tunda aka saki naira a 2023 kuwa ba a magana. Maigida ya ce min ke wannan ai tallan goro a bakin masallaci ya fi shi.

Injiniya Bash: Ɗan Kurmi tambayar farko, masu karanta ka da me suke shiga? In waya ce to ka sani babu linzami a waya, asalin dabarar don kwamfuta aka yi ta, a waya sai mutum ya danna da yatsa kuma yawanci bisa kuskure ne, ya fita yana tsaki. Sannan mutanenmu da yawa Opera Mini suke amfani da shi don tattalin data kuma yana da abin toshe talla a jikinsa, kenan mutum ya karanta ya tafi kai ko sisi.

Na biyu ƙasar mai karatu. Dannawa ɗaya daga Amurka ko Ingila ta fi tarin dannawa daga Kano ko Gusau, saboda masu tallan can ne suke zuba kuɗi. Ni da na samu ɗan abin kirki a shafin Turanci ne na gyaran kwamfuta, shi ma ba wani abin a zo a gani ba ne, yana dai biya min data da kuɗin ajiye shafin. Kuma kar ka ce za ka gudu zuwa AdSense, tsarin tallan Google, suna da jerin harsunan da suke karɓa Hausa ba ta ciki, su kuma sai dala 100 ake biya.

Ɗan Kurmi: Kai Injiniya ka kashe min jiki. To in na sa ƙannena su riƙa dannawa fa?

Injiniya Bash: Kar ka soma. Suna ganin daga waya ɗaya ko layi ɗaya ake ta dannawa, rufe asusun za su yi har da ɗan abin da ka tara.

Ɗan Maraɗi: Ni haka ta faru da ni, na kai dala 40 da wani abu na ƙosa in cike, na ce abokai a fada su taimaka, kwana uku aka rufe. Laifina ne ban ɗora wa kowa ba. Wani abin kuma tallan caca, kai da kake rubutun ƙwallo shi zai fi zuwa maka, in akwai wajen toshewa ka toshe tun ranar farko in ba haka ba ka tara kuɗin da kai kanka ba za ka iya ci da kwanciyar rai ba.

Uwar Biyu: Ni yanzu abin da nake yi, wata Hajiya mai turaren wuta da humra da wani mai atamfa a Kantin Kwari ne suke ba ni talla kai tsaye, in saka hoton kayansu da lambarsu a tsakiyar labari daidai inda aka fi ƙosawa a ji me zai faru, ƙarshen wata su turo min ta banki da nairarmu, babu zancen buɗe asusun dala babu jiran cikar 50. Wani watan Hajiya kan ce ciniki ya yi sanyi ta ba ni turare a madadin kuɗi, shi ma ina karɓa.

Malam na Zariya: Ɗan Kurmi kai ai masu gidan kallon ƙwallo da masu sayar da jesi suna nan birjik, ka fara da na unguwarku.

Ɗan Kurmi: Akwai wani mai jesi a layinmu, sai dai shi ɗan Arsenal ne kuma makon jiya na yi musu wankin babban bargo a shafin. Bari dai in je da gaisuwa tukuna.