Ƙarar da ke tasowa in an kunna esi: kwamfireso ne ko ana ɗora masa laifi?

Kabiru Ƙofar Sauri: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a kan motata Corolla ƙirar 2006. Tun da zafin nan ya kankama, in na kunna esi sai in ji kar-kar-kar daga gaba. Ba kullum ba. Da safe shiru kake ji. Amma da rana in na maƙale a cunkoson Ƙofar Ƙwaya, ko ina jiran yara a bakin makaranta inji yana sulo, nan take tasowa. In na taka totur ta ɗauke, in na kashe esi ta ɗauke. Sanyi kuwa lafiya lau. Wanda na kai wa ya ce kwamfireso ne, wato famfon da ke matsa gas ɗin esi, in kawo kuɗin wani ɗan Kwatano. Me kuka gani?

Sani Mai Esi: Wa'alaikumus salam Malam Kabiru. Ai ka ba kanka amsa. Ka kunna ta zo, ka kashe ta tafi. Duk ƙarar da ke bin maɓallin esi kwamfireso ne, ba sai an yi ta zagaye ba. Gaskiya ya gaya maka.

Baba Lawal Bakanike: Sani ɗana, wanga zance naka da gyara. Kalmar "duk" ɗin nan ce ban yarda da ita ba. Esi in ya kama, kaya yake ɗora wa inji. Bel ɗaya ne a motar nan, shi ke juya caja, shi ke juya famfon ruwa, shi ke juya na sitiyari, shi ke juya kwamfireso. Duk abin da ke kan bel ɗin nan wanda ya fara gajiya, ba ya magana sai an ƙara mashi nauyi. Ka ɗora wa jaki buhu na biyu, sirdi ya hau kuka, sai ka ce buhu ne ya lalace?

Sani Mai Esi: Baba, kai babba ne, amma wannan fannina ne. Kullum sai na kwance irinsa.

Baba Lawal Bakanike: To ni kuma su ke dawowa wurina bayan kun canja masu, ƙara tana nan daram.

Injiniya Aminu: Ina bayan Baba, kuma ga dalili. Injin 1ZZ mai lita 1.8, wanda ke cikin da yawa daga Corolla ta 2003 zuwa 2008, an san shi da matsalar ajastar bel, wato abin da ke ɗaure bel ɗin. Ajastar tana da ɗan shoki a jikinta wanda ke riƙe bel kada ya yi rawa. In shokin ya saki, a sulo ne za ka ji shi, domin lokacin ne bugun inji ya fi fitowa, kuma da kulocin esi, wato farantin da ke haɗa kwamfireso da juyin bel, ya kama sai jan bel ɗin ya ƙaru, hannun ajastar ya hau karkarwa. Ka ƙara wuta, juyi ya daidaita, ƙara ta ɓace. Abin da Malam Kabiru ya kwatanta kenan tiryan-tiryan. Na biyu, ya ce sanyi bai ragu ba. Kwamfireson da cikinsa ya fara cinyewa yawanci sanyinsa yakan ja baya, musamman a tsaye.

Sani Mai Esi: Ka ce "yawanci". To na ga wanda yake sanyi kamar firji har ranar da ya cije. Kuma bari in tambaye ku duka biyun: me ya sa da safe ba ta yi? Ajasta ta san safiya da rana ne? Gas ne ya san zafi. A Katsina cikin Afrilu zafi yana haura digiri 40. Mota tana tsaye, iska ba ta ratsa kwandensa, wato ragar da ke huce gas a gaban mota, sai ɗan abin da fanka ta jawo, matsin gas ya hau sama, kwamfireso yana turawa da ƙyar. In fistocin cikinsa sun ci, a nan za su yi ƙara. Ya kama hanya iska ta shiga, matsi ya sauka, shiru. Ku ba ni amsar wannan.

Injiniya Aminu: Wannan tambaya ce mai kyau, ban musa ba. Amma ka lura hujjar taka ta nuna matsi ne ya yi yawa, ba ta nuna kwamfireso ya mutu ba. Matsin da ya hau kuwa bel da ajasta ma suna jin sa, tunda su ke ja. Shokin ajastar kuma mai ne a cikinsa, in ya ɗau zafi man yana tsinkewa kamar ruwa. Sannan me ke hawar da matsin? Kwandensar da ƙurar hunturu ta toshe, ko fankar da ta yi sanyin gudu, ko gas da aka ɗura ya wuce ƙima. Duk ukun nan ka sa sabon kwamfireso a kansu, shi ma haka zai sha wuya.

Hajiya Binta: Ku yi haƙuri in sa baki. Ni tawa Honda ce, na sha irin wannan. Har an yanka mini kuɗin kwamfireso, sai wani yaro a garejin ya leƙa da tocila, ashe leda ce ta naɗe a fankar gaba, ta fasa fiffike ɗaya. Da an kunna esi fankar take tashi, shi ya sa ƙarar ke bin maɓallin. Malam Sani, wannan ma kwamfireso ne?

Sani Mai Esi: Hajiya ranki ya daɗe, ƙarar fanka daban take, mai kunne zai bambance.

Hajiya Binta: Wanda ya yanka mini kuɗin ma kunne biyu gare shi.

Musa Direban Daura: Ni fa tun farko ban ga abin wahalar da kai ba. Esi kashe inji yake. Mu da muke Katsina zuwa Daura kullum, cire bel ɗinsa muke mu sauke gilashi. Kafin in cire, in na kunna shi a kan hanyar Mashi da fasinja cike, sai in ji inji na ƙyal-ƙyal-ƙyal in na taka.

Baba Lawal Bakanike: Musa, taka daban ce. Wannan ƙarar ƙonuwar mai ce tana tashi kafin lokacinta, kuma sai ana tahiya da lodi ake jin ta, ba a tsaye ba. Rage shan man 'yan bumburutu, ka duba fulogi, ka daina jan mota a giya babba tana nishi. Esi ba ya kashe injin da ke da lafiya, mai dai yana ƙara sha. Mu koma kan ta Kabiru.

Kabiru Ƙofar Sauri: Baba, to yanzu ni da ba bakanike ba, akwai abin da zan iya gwadawa da kaina kafin in saki kuɗi?

Baba Lawal Bakanike: Akwai. Ka bari sai rana ta take, mota ta yi zahi, lokacin da ƙarar ke zuwa. Fara kunna fankar cikin mota kaɗai, maɓallin esi a kashe. In ka ji ƙara a haka, to fankar ciki ce ta bayan dashbod, wataƙila ganye ko takarda ta faɗa. In shiru, buɗe bonet, ka sa wani ya danna maɓallin kai kana kallo. Za ka ji ƙas, farantin gaban kwamfireso ya kama ya fara juyawa. Wannan ƙas ɗin lafiya ce, kada wani ya sayar maka da ita. Sai ka zuba ido kan ajasta. In hannunta na tsalle yana karkarwa, ka ga ɓarawo. Ka kuma dubi injin kansa, in ya faɗa sulo yana girgiza har sitiyari na rawa, sitin inji ya mutu ko maƙogwaron iska ya yi datti. Amma ka tattare babbar riga da hannunta, ka nisanci bel da fanka. Fankar nan tashi take ba sallama.

Injiniya Aminu: In ƙara a kan na Baba. Ka samu ruwa a buta ka zuba wa kwandensa ta gaba, wadda ke gaban lagireto, esi yana aiki. In ƙarar ta lafa nan take, maganar Malam Sani ta matsi ta tabbata, sai a nemi abin da ke hawar da shi. In kuma ƙarar tsiwa ce, ƙiii, ka ɗan yayyafa ruwa a kan bel, in ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo, bel ne ya ƙone ko ya saki. Akwai kuma wadda mutane ke juyawa: boris na fulin kwamfireso yana juyawa muddin inji na aiki, ko da esi ko babu. In shi ne, za ka ji gurnani ko esi a kashe, wani lokaci ma sai ya ragu in kulocin ya kama. Shi kuma ana iya canja shi ba tare da an zubar da gas ba. Haka farantin kuloci, tazararsa ba ta kai milimita ɗaya ba, in ta buɗe saboda ci sai ya riƙa zamewa in ya yi zafi. Wannan ma gyaran waje ne.

Sani Mai Esi: Duk na ji. Amma akwai abin da ba ku faɗa wa bawan Allah ba, kuma shi ne mai tsada. Gas ɗin motar nan R134a ne, yana yawo tare da man kwamfireso. Duk inda gas ya yi yoyo, mai ma yana bin sa. Mutanenmu shekara-shekara sai dai a ƙara gas, ba a ɗinke yoyo ba, ba a ƙara mai ba. Kwamfireso yana gudu a bushe. Ranar da ya farfashe, garin ƙarfe zai bi bututu ya cika kwandensa da bawul, sai an canja su an wanke layi gaba ɗaya. In kuma ya cije a hanya, Baba da bakinsa ya ce bel ɗaya ne. Bel ya tsinke, famfon ruwa ya tsaya, caji ya ɗauke. Ka tsaya tsakanin Mashi da Daura da iyali da azahar, ka ga ko kuɗin kwamfireso ne zai dame ka. Malam Kabiru, tsakaninka da Allah, an taɓa ƙara maka gas?

Kabiru Ƙofar Sauri: An ƙara bara, a bakin titi. Ban ga an auna komai ba, ya dai riƙe bututu da hannu ya ce ya yi.

Injiniya Aminu: To ka ji. Akwai takarda a manne ƙarƙashin bonet da ke faɗin nauyin gas ɗin da motar ke ɗauka, a irin waɗannan ƙananan motoci wajen rabin kilo ne. Da sikeli ake ɗurawa, ba da tafin hannu ba. Malam Sani, haɗarin da ka faɗa gaskiya ne, shi ya sa ba a ce ya yi biris ba. Abin da muke ja da kai shi ne yanke hukunci daga maɓalli. Ka sa gejin auna matsin gas guda biyu, na sama da na ƙasa, ka ɗora dogon sukudireba a jikin kwamfireso ka kara kunne, ka yi haka a kan ƙullin ajasta da caja. Wanda ya fi ihu shi ne. Ɗan Kwatanon da za a sa masa ma wa ya san tarihinsa?

Sani Mai Esi: Ni ban ce kada a auna ba. Na ce in an auna za ku zo inda nake.

Kabiru Ƙofar Sauri: Jama'a ga bayani. Na je wurin Baba, ya cire bel ya juya kowane fuli da hannu. Na ajasta yana ƙara shaa a bushe, shokin kuma duk ya jiƙe da mai. An canja ajasta da bel. Kar-kar ɗin nan ta tafi. Sai dai in esi ya kama a tsaye ina jin wani ɗan gurnani ƙasa-ƙasa, wanda da can waccan ƙarar ta danne shi.

Sani Mai Esi: Ka ji ko! Gurnanin nan shi nake faɗa tun farko.

Baba Lawal Bakanike: Ba shi ka faɗa ba, cewa ka yi ya kawo kuɗi. Kuma ni na ce mashi ya tahi wurinka a sa geji, don kwandensar tasa ko haske ba ya ratsa ta saboda ƙura.

Sani Mai Esi: To ya zo. Zan wanke kwandensar, in duba gudun fanka, in zuƙe gas in auna abin da aka ɗura masa bara, in duba launin man. In man ya yi baƙi ko na ga ƙyallin ƙarfe a ciki, Baba, zan ɗauko hoto in sa a nan kowa ya gani. Malam Kabiru, kada ka zo mini da safe mota da sanyinta. Ka zo bayan azahar, ka kuma biyo ta cunkoso tukuna.