Malami ya ƙi karɓar aikin ƙanwata, wa ya kamata mu gani?

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ɗaliban jami'a da ke nan Kumasi. Ƙanwata tana shekara ta biyu, daga Aboabo take zuwa makaranta. An ba su aikin da za a tura ta intanet, shafin kuma yana rufewa da kansa ƙarfe 11:59 na dare. Ranar zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita, tana asibiti ana ƙara mata ruwa. Da ta samu sauƙi ta tura ta imel, malamin ya ce wa'adi ya wuce, sifili ne.

Abin da ya ɗaure min kai, wani malamin a sashen nasu ragin maki kawai yake yi gwargwadon kwanakin jinkiri. Ashe kowa da dokarsa? Aikin nan yana cikin makin da ake tarawa kafin jarrabawa, idan ya tafi, da wuya ta tsallake kwas ɗin.

Takardar likita tana hannunmu. Shugaban sashe za ta rubuta wa, ko sai ta bi ta ofishin harkokin ɗalibai? Tsoronta kada malamin ya riƙe ta a zuciya, don shi zai duba jarrabawarta. Wanda ya taɓa bin hanyar nan don Allah ya taimaka, kafin a fitar da sakamako.