Wane suna za mu raɗa wa na'urar da ke tsakanin batura biyu a mota?

Assalamu alaikum jama'a, musamman malaman Hausa da masu gyaran wutar mota. Kalma ɗaya nake nema, kuma ina so mu tsayar da ita tare. Masu motoci masu ja da ƙafa huɗu, waɗanda ke shiga daji ko rairayi su kwana inda babu lantarki, sukan ƙara batir na biyu domin firji, fitilun zango, famfon ruwa da cajin waya. Tsakanin batirin asali da wannan na biyu ana ɗaura wata 'yar na'ura da za ta zauna a tafin hannu, mai ƙusoshi biyu na tagulla inda ake ɗaure manyan wayoyi. Masu sana'a suna ce mata aisoleta, kalmar Turanci mai nufin abin da ke keɓewa. Ita nake so mu sama wa suna.

Wasu sun riga sun turo shawarwari da suka, zan amsa su a ƙasa. Amma kafin nan, bari in faɗi aikinta, don sunan ya fito daga aikin.

Batirin da mota ta zo da shi an yi shi ne don abu ɗaya: ya ba sitata wuta mai ƙarfi, amfiya ɗaruruwa, cikin 'yan daƙiƙu, inji ya tashi, sai altaneta ta mayar masa da abin da ya kashe. Farantan dalmar da ke cikinsa sirara ne kuma suna da yawa. Ba ya son a riƙa tsotse shi a hankali har ya yi ƙasa sosai. Idan ana yi masa haka, ba ya daɗewa. Shi kuwa na biyun, irin wanda ake saya don firji, farantansa masu kauri ne, yana jure a sha shi sannu a hankali dare guda, a sake cika shi da safe. Ko shi ma, idan na dalma ne, shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada a wuce rabinsa. Wato mai amfiya-awa 100 (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka), ka ɗauka 50 ne naka.

To, da za ka haɗa su kai tsaye da waya, jan kai da jan kai, sun zama batir ɗaya ke nan. Firji zai kwana yana shan duka biyun, gari ya waye ka murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas, inji ko gezau, kuma kana wurin da babu mai tura ka. Wannan ita ce masifar da na'urar ta zo ta hana. Cikakken batirin dalma a zaune yana nuna kusan bolt 12.6 zuwa 12.7 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wuta). Da inji ya tashi, altaneta tana ɗaga wutar zuwa wajen 14. Na'urar tana sa ido kan wannan lamba. A yawancin waɗanda ake sayarwa, idan ta kai kimanin 13.3 sai ka ji ƙat a ƙarƙashin bonet, ta bar caji ya wuce zuwa batir na biyu. Idan aka kashe mota wutar ta sauko wajen 12.8, sai ta sake yin ƙat, ta yanke tsakaninsu. Firji ya sha nasa, batirin asali na nan ba a taɓa shi ba.

Shawara ta farko da aka turo ita ce makeɓi, daga keɓe. Wani kuma ya ce makillaci, tunda killace ta zauna a bakin mutane tun annobar korona a 2020. Na gode, kuma dukkansu Hausa ce mai kyau, amma ban gamsu ba. Sun ɗauko ma'anar kalmar Turancin ne kawai, ita kuwa kalmar Turancin rabin aikin ta faɗa. Na'urar da keɓewa kaɗai ta iya ba ta da amfani, don ko waya ka cire ka keɓe. Abin da ake biyan kuɗinsa shi ne ta san lokacin haɗawa, ta san lokacin rabawa. Ga kuma killace tana ɗauke da warin cuta, kamar batir ɗaya ne ba shi da lafiya.

Wata 'yar uwa ta kawo mahaɗi. Shi ma ɗaya rabin ne, kuma kowace waya mahaɗi ce. Marabi kuwa na so shi da farko, sai dai kunne yana karkata shi zuwa maraba, kuma a rubuce za a yi ta gyara wa mutum shi ana zaton kuskure ya yi. Shamaki da shinge na ajiye su da wuri, domin su ba sa buɗewa da kansu.

Wani dattijo mai gyaran wutar mota ya rubuto ya ce mu bar wahala, aisoleta ta riga ta shiga baki kamar yadda batir da fis da sitata suka shiga. Baba, maganarka tana da nauyi, kuma ba na cikin masu ƙyamar aro. Ba wanda zai ce a canza wa batir suna yau. Amma ga inda gizo ke saƙar: wannan kalmar abu biyu ake kira da ita. Akwai babban makunnin nan mai jan makulli da ake ɗaurawa a kan batir, a murɗa da hannu wuta ta ɗauke a mota gaba ɗaya. Shi ma aisoleta ake ce masa. Mutum ya je neman ɗaya a miƙo masa ɗaya, ya ɗaura, ya zama duk dare sai ya tuna ya murɗa, duk safiya sai ya tuna ya mayar. Ranar da ya manta, ko dai batura biyun su ƙare tare, ko na biyun ya wuni bai ga caji ba. Idan aro yana jawo irin wannan ruɗani, ya kamata a ba kowanne sunansa. Jan makullin nan babban makunni ne, wannan ba ya buƙatar muhawara.

Ga tawa shawarar: madatsi. Madatsin batir.

Kowa ya san madatsar ruwa. Tana tare ruwa har ya kai wani ma'auni, sannan a buɗe ƙofa ya gangara inda ake buƙata, idan ya ja baya a rufe don kada tafkin ya ƙafe. Aikin na'urar nan ke nan daidai: tarewa, aunawa, saki, sake tarewa. Kalmar tana ɗauke da duka biyun ba sai an yi mata ƙarin bayani ba.

Akwai wata riba da ban ga an ambata ba. A harshen injiniyoyin lantarki, idan aka ce makunni a rufe yake, ana nufin wuta na wucewa, idan a buɗe yake wuta ta yanke. Wannan yana rikita mai koyo ƙwarai. Da madatsi kuwa maganar tana tafiya yadda hankali ke ɗauka: madatsi ya buɗe, caji na wucewa, madatsi ya rufe, kowane batir yana gefensa. Ku gwada a baki. "Yaro, duba min madatsin nan, ya ƙi buɗewa." "Madatsinka ya maƙale a buɗe, shi ya sa motar ta ƙi tashi." Ban ji harshe ya yi tuntuɓe ba.

Wani malamin makaranta ya tambaya me ya sa ba madatsa ba, tunda ita aka sani. Malam, na bi tsarin da harshen ya fi bi ne wajen kayan aiki: mabuɗi, makulli, ma'auni, matsefi, madubi. Masu ƙarewa da a sun fi zama sunan wuri, kamar makaranta, maƙera, ma'aikata. Na san akwai masallaci da masauki da ba su bi haka ba, amma a nan rabewar tana mana amfani: madatsa ta ruwa, madatsi na wuta. Jam'i madatsai.

Suka mafi ƙarfi ta zo daga wani injiniya. Ya ce ruwan madatsa gaba kawai yake yi, alhali wannan na'urar idan ta haɗa batura wuta na iya bi ta kowane ɓangare. Gaskiya ne ga irin da ke aiki da maganaɗisu. Akwai tsohon samfuri mai dayod wanda hanya ɗaya kawai yake bari, amma yana cin kusan bolt 0.7 a hanya, batura ba sa cika sosai, shi ya sa mutane da yawa suka bar shi. Wasu madatsan ma suna da maɓallin da za ka danna da gangan ka juyo da wutar batir na biyu ta taimaka wajen tayar da inji idan na asali ya yi sanyi. Duk da haka ina ganin sunan ya tsaya, domin datsewa ba ta ce komai game da alkibla ba. Ana datse hanya, ita kuwa hanya ana binta gaba da baya.

Tunda muna nan, batura biyun ma suna son suna. Na biyun an ce batirin safaya, an ce na ko-ta-kwana. A'a. Safaya tana kwance ne har ranar da taya ta fashe, shi kuwa wannan kullum dare yana aiki. Ni zan ce batirin tashi ga na asali, batirin hidima ga na biyu. Wanda ya riƙe waɗannan sunaye ba zai rataya firji a kan na tashi ba.

Sai gargaɗi guda kada mu shimfiɗa madatsi ya rufe abin da ba shi ba. Sababbin motoci da yawa suna zuwa da altanetar da kwamfutar mota ke sarrafawa don rage shan mai. Tana iya sauke wutar ƙasa da 13 ana cikin tafiya, madatsi ya ɗauka an kashe inji ya rufe, batirin hidima ya isa zango da yunwa. Haka kuma batirin litiyam a zaune yana kusa da bolt 13.3, sama da inda madatsi ke rufewa, kuma yana iya zuƙar wuta fiye da yadda altaneta za ta jure. A waɗannan halaye caja ake sawa a tsakani, wadda ke karɓar wutar mota ta daidaita ta, ta ba batirin hidima gwargwadon abin da ya dace da shi. Ita ma tana raba batura idan inji ya tsaya, amma asalin aikinta caji ne. A kira ta cajar tsakani, a bar madatsi ga wanda buɗewa da rufewa kawai yake yi.

Ko wanne aka ɗaura, wayar da ta taso daga bonet zuwa bayan mota tana da wuta daga kai biyu. Don haka fis biyu take so, ɗaya dab da jan kan kowane batir. Idan fis ɗaya kawai aka sa, ta goge a jikin ƙarfe ta huje, shi zai tsinke, ɗaya batirin ya ci gaba da hura ta har roba ta kama. Kuma a sa mai kauri, don siririyar waya mai tsawon mita 5 ko 6 tana zubar da caji a hanya, a zo ana zargin madatsi da laifin da ba nasa ba.

Abin da zan riƙa rubutawa daga yau ke nan: madatsin batir, batirin tashi, batirin hidima, babban makunni, cajar tsakani. Na ƙarshen ne kaɗai ban gama natsuwa da shi ba, don tsakani bai nuna tana ɗaga wuta tana sauke ta ba. Baba mai gyaran wuta da injiniya, ku da kuka fi riƙe ta a hannu, idan akwai wadda ta fi ta ku kawo.