Ina son komawa makaranta in koyi jinya, shekarata 44, ina Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana.

Shekara tara ke nan ina aikatau a wani gida a Jidda, da iƙamata, wato takardar izinin zama. Shara da wanke-wanke aka ɗauko ni, amma da mahaifiyar maigidan ta samu shanyewar ɓarin jiki sai jinyarta ta dawo hannuna. Shekara biyar ni ke juya ta duk bayan awa biyu, dare da rana, in yi mata wanka a kan gado, in ba ta abinci ta robar hanci, in gwada mata suga. Har Allah Ya karɓi abarsa a watan Rajab gyambon kwanciya bai taɓa fito mata ba. Nas ɗin da ke zuwa duba ta, 'yar Filifin ce, da bakinta ta ce hannuna ya faɗa, amma albashinta ya ninka nawa ba sau ɗaya ba, don ita tana da takarda.

Na gama sakandare a Kano a 1999, ban ci lissafi da kimistiri ba. Yara uku na bari wajen mahaifiyata, da ɗan abin da nake turawa ake ɗora tukunya. In nemi karatun a nan, ko in tattara in koma gida? Kuma tsakani da Allah, ban makara ba?

Nas daga Madina: Wa alaikumus salam yaya. Allah Ya jiƙan tsohuwa, Ya ba ki ladan jinya. Bari in faɗa miki gaskiya ko ba daɗi. A ƙasar nan ba mai aikin nas sai da rajistar hukumar ma'aikatan lafiya, wadda muke cewa Hai'a. Sai kin kawo shaidar makarantar jinya da lasisin ƙasarki, kamfanin tantance takardu na DataFlow su bincika har makarantar da ta ba ki, ki cike komai a shafin intanet na hukumar, Mumaris Plus, sannan ki zauna jarrabawar neman lasisi ta Prometric. Shekara biyar ɗin da kika yi a ɗakin Hajiya ba ta shiga lissafinsu, duk da ni na san abin da juya mutum ƙarfe uku na dare yake nufi. Ga kuma mihnar, wato sana'ar da ke kan iƙamarki, ta aikin gida ce. Duk wanda ya ce ki kawo riyal kaza ya samo miki takardar shaidar karatu a wata uku, kuɗinki zai ci.

Maman 'yan biyu: Ni dai kar ki saki reshe ki kama ganye. Wa zai ciyar da yaran shekara ukun da za ki yi kina karatu?

Baba na Shara Mansur: 'Yata, ni na ga wadda ta shiga aji da jikoki. Amma maganar Maman 'yan biyu abar dubawa ce. Ki fara da iyalan mamaciyar tun zukatansu na da taushi, su rubuta miki takardar shaida da Larabci, da shekarun da kika yi da irin aikin. Gidajen da ke da tsoho a kwance ita suke fara tambaya.

Malamar tsafta, Kano: Idan gida za ki dawo, kiredit biyar ake nema a WAEC ko NECO: Turanci, lissafi, fiziks, kimistiri da bayoloji, a zama bai wuce biyu ba. Akwai jarrabawar 'yan waje, ba sai kin sa yunifom ba. Makarantar jinya aƙalla shekara uku ce, CHEW (kwas ɗin ma'aikatan lafiya na matakin farko) ma uku, JCHEW, ƙaramin matakinsa, biyu. Ki tambayi kowace makaranta batun shekaru kafin ki sayi fom, wasu suna sa iyaka. A ajinmu wadda ta fi kowa iya ɗaukar hawan jini 'yar arba'in da ɗoriya ce, turancin littafi ne kawai ya wahalar da ita.

Nas daga Madina: Na manta, kwas ɗin taimakon gaggawa na Hilal Ahmar (Red Crescent) da na BLS (farfaɗo da wanda numfashinsa ko zuciyarsa ta tsaya) ba sa cin lokaci, ki roƙi kafilinki, wato maigidan da ya ɗauko ki, ya bar ki ki yi. Ba za su mai da ke nas ba, amma takarda ce ta gaske.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya bar zumunci. Kwantiragina saura wata goma sha ɗaya. Na yi wa babbar 'yata waya, ta ce littafin kimistirinta na aji shida yana nan, za ta riƙa ɗauko mini hoton shafukan. Ta yi ta dariya wai ita ce malamata yanzu. Gobe in sha Allah zan yi wa uwar gidan maganar takardar, in na ga fuskarta a sake.